YADDA AKE AUNA LITTAFI A GASAR ADABI TA NIJERIYA

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe, ko a can gida Arewa ko a nan Kurmi inda 'yan'uwanmu kan kafa fili ranar hutu, ya san alƙalin wasa ba shi da wata wahala mai yawa. Da zarar gwiwar ɗan dambe ko hannunsa ya taɓa ƙasa an yi kisa, kowa ya gani da idonsa, makaɗi ya juya wajen wanda ya yi nasara, magana ta ƙare. Haka kuma mai sayen goro a Shagamu, in gardama ta tashi sai a kwance huhu a ƙirga. To amma littafi fa? In aka jibge littattafai 173 a gaban mutum uku, aka ce su fitar da guda ɗaya wanda ya fi, aka kuma ce mai shi zai tafi gida da zunzurutun kuɗi har dalar Amurka 100,000, da wane mudu za su auna? Sauran mutanen da suka tashi a tutar babu kuma, me zai sa su yarda cewa ba a yi musu coge ba?

Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da ya faru ke nan a shekarar 1916 da ɗari a kai, watau 2016, a nan birnin Ikko, sa'ad da wani ɗan jarida haifaffen Jos, Malam Abubakar Adam Ibrahim, ya ci Gasar Adabi ta Nijeriya. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin kuɗin, mun yi murna ɗanmu ya ciwo tuta, amma ƙalilan ne suka tsaya tambayar yadda aka yi aka kai ga sunansa. Yau abin da za mu duba ke nan, domin akwai darasi a ciki ga duk mai shirya gasa, babba ko ƙarama.

ASALIN GASAR

Kamfanin NLNG, wanda ke sarrafa iskar gas a tsibirin Bonny na Jihar Ribas yana sayar wa ƙasashen waje, shi ne ya kafa wannan gasa a shekarar 2004, tare da wata takwararta ta kimiyya. Da dala 20,000 aka fara. A 2006 aka mai da ita 30,000, a 2008 ta zama 50,000, sa'an nan a 2011 aka ninka ta zuwa 100,000. Wannan ya sa ta shiga sahun manyan kyaututtukan marubuta a duk faɗin Afirka.

Matakin farko na adalci a cikin tsarin gasar shi ne, ba a haɗa kowane irin littafi wuri guda. An raba adabi gida huɗu: ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo, da littattafan yara. Kowace shekara gida ɗaya ake ɗauka, sai an zagayo bayan shekara huɗu a komo kansa. Dalili kuwa a fili yake. Mai shanu da mai kaji duka 'yan kasuwa ne, amma ba a yi musu ciniki a kara ɗaya. In aka ce a gwada littafin waƙoƙi mai shafi sittin da labari mai shafi ɗari uku, alƙali ba shi da abin dogara sai son ransa. Saboda wannan zagaye ne kuma aka ƙa'ida cewa littafin da za a shigar ya zama an buga shi cikin shekaru huɗun da suka gabata, don kada wani ya ce lokacinsa ya wuce ba a waiwaye shi ba.

Akwai wata ƙa'ida da aka fara da ita wadda ta jawo surutu. Da fari sai marubucin da ke zaune a cikin Nijeriya kaɗai ke iya shiga. Masu wannan ra'ayi suna ganin wanda ya zauna gida yana fama da rashin wuta da tsadar takarda shi ya fi cancanta a tallafa wa. 'Yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje kuwa suka ce barin gida neman abinci bai cire mutum daga dangi ba. Wannan magana mu mazauna Kudu mun fi kowa fahimtarta. A 2010 aka buɗe ƙofa ga kowane ɗan ƙasa ko ina yake zaune, kuma a shekarar ce aka ba Esiaba Irobi kyautar saboda wasan kwaikwayonsa mai suna Cemetery Road, alhali ya rasu a ƙasar Jamus 'yan watanni kafin a bayyana sakamako.

MAI KUƊI DABAN, MAI SIKELI DABAN

Kowane ɗan kasuwa ya san in mai kaya shi ke riƙe da sikeli, mai saye ba zai yi barci ba. Saboda haka aka raba aikin gasar hawa-hawa. Kamfani nasa ba da kuɗi ne, da yin shela a jaridu, da karɓar littattafai a ofis. Daga nan sai hannunsa ya fita. A samansa ta fuskar hukunci akwai kwamitin ba da shawara na dattawan masana, wanda marigayi Shehun Malami Ayo Banjo, tsohon shugaban Jami'ar Badun, ya daɗe yana jagoranta. Wannan kwamiti ke naɗa alƙalai, shi ke karɓar rahotonsu, shi ne kuma ke tsayawa gaban jama'a ya faɗi sakamako.

Su alƙalan galibi mutum uku ne, kuma ba a barinsu su yi kaka-gida. Kowace shekara sabon zubi ake yi, a nemo waɗanda suka ƙware a fannin da ake gasa a kansa. Amfanin wannan shi ne, marubuci ba zai iya shafe shekara huɗu yana kai gaisuwa gidan wani malami ba da fatan ranar biyan bukata, tun da bai san wanda za a naɗa ba. Yawansu ma da hikima a ciki: mutum ɗaya yana iya karkata, mutum biyu suna iya cijewa kowa ya ƙi sakin nasa, amma uku dole a sami rinjaye.

Bayan an rufe karɓar littattafai, akan yi taro a Ikko a gaban 'yan jarida, kamfani ya miƙa wa kwamiti littattafan da aka samu, a faɗi adadinsu, kwamiti kuma ya miƙa wa alƙalai. Wani zai ga kamar biki ne kawai na ɗaukar hoto. Amma tun da an faɗi adadi a bainar jama'a, babu damar a cusa wani littafi ta bayan gida daga baya.

Sa'an nan akwai ido na huɗu, watau wani masani da ake nemowa daga wata ƙasa. Shi ba ya cikin ƙungiyoyin marubutanmu, ba ya neman ƙarin girma a jami'o'inmu, ba shi da kawu ko suruki a cikin masu gasa. Ana ba shi littattafan da suka kai zagayen ƙarshe ya karanta shi kaɗai, ya rubuto nasa ra'ayin, kwamiti ya ɗora shi kusa da na alƙalan gida ya duba.

TANKAƊE DA RAIRAYA

Mu koma kan shekarar 2016 don mu ga yadda abin yake a aikace. Shekarar ƙagaggen labari ce. Shugaban alƙalai shi ne Shehun Malami Dan Izevbaye, tsohon malamin Jami'ar Badun. Tare da shi akwai Shehun Malama Asabe Kabir Usman ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Shehun Malami Isidore Diala na Jami'ar Jihar Imo da ke Owerri. Masanin da aka gayyato daga waje kuwa shi ne Shehun Malami Kojo Senanu na Jami'ar Gana. Mai karatu ya lura da yadda aka warwatsa su: Badun, Sakkwato, Owerri, da Gana. A ƙasa irin tamu, inda kafin a tambayi abin da mutum ya rubuta akan fara tambayar garinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga littattafai 173 suka tankaɗe suka fitar da 11, aka buga sunayensu a jaridu. Abubuwan da akan duba su ne ƙwarewar harshe, da yadda aka gina labari, da ko mutanen da ke cikinsa suna da rai ko kuwa gumaka ne, da ko marubucin ya zo da sabon abu, har da tsabtar bugu da gyaran kurakurai. Bayan an fitar da goma sha ɗayan, wata ƙungiyar masu kishin adabi da fasaha a Ikko mai suna CORA takan shirya musu zama, marubutan su karanta wani abu daga littattafansu, jama'a su yi musu tambayoyi. Masu sharhi a jaridu kuma su kama littattafan su yi musu filla-filla. Watau kafin alƙalai su yanke hukunci, mutane da yawa sun riga sun ɗanɗana miyar, saboda haka in aka zaɓi wadda ba gishiri za a ji hayaniya.

Daga 11 aka rairaye aka bar 3. Na farko Night Dancer na Chika Unigwe, wadda ta riga ta ci wannan gasa a 2012. Na biyu Born on a Tuesday na Elnathan John, ɗan Kaduna, labarin wani almajiri ne mai suna Ɗantala da yadda rikicin siyasa da na aƙida suka yi ta jifa da shi har Sakkwato. Na uku Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, labarin Hajiya Binta, wata dattijuwa mai shekara 55 da mijinta ya rasu, wadda rikicin Jos ya raba da gidanta, da abin da ya shiga tsakaninta da wani saurayi shugaban 'yan daba da ya tsallako mata katanga. A watan Oktoba aka bayyana cewa na ukun nan ne ya yi nasara.

A nan akwai abin lura. A gasar gajerun labarai da ba a riga an buga ba, ana iya cire sunan marubuci a manna lamba, alƙali ya karanta bai san na wane ne ba. A wannan gasa kuwa hakan ba ta yiwuwa, domin littafi ne bugagge, ga suna a bango, wani har da hoto a baya. Alƙalan 2016 sun san sarai cewa ɗaya daga cikin ukun ta taɓa cin gasar kuma sunanta ya zaga duniya, sauran biyun kuwa wannan ne dogon labarinsu na farko. Tun da ba a iya rufe wa alƙali ido, sai aka ɗauki ɗaya hanyar, aka buɗe wa jama'a nasu idon: a san alƙalai, a san goma sha ɗaya, a san uku, ranar sakamako kuma a karanta dalilan da suka sa aka zaɓi wanda aka zaɓa.

SHEKARUN DA BA A BA KOWA BA

Babu abin da ya jawo wa wannan gasa zagi kamar ikon da alƙalai ke da shi na cewa babu wanda ya cancanta. Sau uku suka yi amfani da shi. Tun a shekarar farko, 2004, marubuta uku sun kai zagayen ƙarshe, amma alƙalai suka ce littattafan suna da kurakuran bugu da na gyara da yawa, aka yaba musu aka hana kyautar. A 2009, shekarar waƙa, an fitar da sunayen mawaƙa tara, rai ya biya, ranar biki aka ce babu gwani, aka miƙa kuɗin ga cibiyar manyan masana adabi da harsuna ta ƙasa. A 2015, shekarar littattafan yara, an shigar da littattafai 109, ko ɗaya bai tsallake ba.

Marubuta sun fusata ƙwarai, musamman a 2009, kuma suna da hujja. Suka ce gasa gasa ce, ko a tseren guragu akwai wanda ke riga isa. In an kira mutane an tara su, a ba wanda ya fi a cikinsu. Suka ce kuma ba daidai ba ne a hukunta marubuci saboda laifin maɗaba'a, a ƙasar da yawancin marubuta da kuɗin aljihunsu suke buga littafi, ba su da mai duba musu rubutu. Ga kuma cin fuska, a ɗaga sunan mutum a jarida sa'an nan a ce duk cikinsu babu na kirki.

Masu kare alƙalai kuma suka ce kyautar ba ta wanda ya fi a cikin waɗanda suka zo ba ce kawai, shaida ce da ake bugawa a bangon littafi, wadda makarantu da iyaye za su gani su saya. In mai awo ya ga duk hatsin da aka kawo da tsakuwa, ya ce ba zai auna ba, ranar za a zage shi, amma kasuwa mai zuwa kowa zai sheƙe nasa kafin ya fito. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, abu ɗaya ya tabbata: alƙalin da ke iya mai da kamfani gida da kuɗinsa a ranar da ya tara manyan baƙi, ba ɗan amshin shata ba ne.

Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin mutum ukun da aka hana a 2004, Shehun Malama Akachi Adimora-Ezeigbo, ba ta yi fushi ta bar fage ba. Ta sake shiga a 2007 da littafin yara, ta raba kyautar da Mabel Segun. A shekarar 2021 kuwa ita ce ke shugabantar kwamitin ba da shawara, tare da Shehun Malami Olu Obafemi da Shehun Malami Ahmed Yerima, wanda shi ma ya ci gasar a 2006. Wanda ya sha ɗacin hukunci ya kuma sha zaƙinsa ya fi kowa sanin nauyin alƙalami.

INDA HAR YANZU AKE ƘORAFI

Kada mai karatu ya ɗauka an gama gyara. Ƙorafi na farko shi ne kusan duk alƙalan malaman jami'a ne, masu shiga gasar ma da yawa malaman jami'a ne ko ɗalibansu. Duniyar adabin Nijeriya kuwa ba ta da faɗi, kowa ya san kowa, an haɗu a taro, an ci abinci tare. Sauya alƙalai da gayyato baƙo daga waje suna rage wannan haɗari, amma ba su kawar da shi ba. Wasu kuma na ganin ɗanɗanon malami daban yake da na mai karatu a bakin kasuwa, don haka ya kamata a riƙa sa 'yan jarida da masu sayar da littattafai a cikin alƙalai.

Na biyu, ana tambaya ko kamfanin gas zai yarda a ba littafin da ya taɓa harkar mai kyauta. A nan tarihi ya ba da amsa gwargwado. Wasan Ahmed Yerima da ya ci a 2006, Hard Ground, a kan matasan yankin Neja Delta masu ɗaukar makami yake. Littafin Kaine Agary da ya ci a 2008, Yellow-Yellow, labarin wata yarinya ce da malalar ɗanyen mai ta lalata gonar mahaifiyarta, har ta bar ƙauye ta tafi Fatakwal. Da mai kuɗi ke riƙe da sikeli, da wuya waɗannan su kai labari.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Gasar sunanta ta Nijeriya, amma da Turanci ake shigarta. Duk iya adalcin da alƙalai za su yi, a cikin waɗanda aka bari suka shigo zaure za su yi shi. Mai rubutu da Hausa, ko Yarabanci, ko Ibo, komai gwanintarsa, yana waje. Har marubucin da ya ci a 2011 da littafin yara, Adeleke Adeyemi, sunan alƙalaminsa na Hausa ne, Mai Nasara, amma littafin da Turanci yake.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu Hausawa bai kamata a yi mana bayanin amfanin gasa ba, domin ƙagaggen labarinmu na boko daga gasa ya fito. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. An sami alheri mai yawa, amma a lura, mutum ɗaya ne ya yi kira, ya karanta, ya gyara, ya kai maɗaba'a, har sunansa ya fito a bangon ɗaya daga cikin littattafan. A wancan zamani da masu boko ba su taka kara sun karya ba, babu yadda za a yi. Yau in aka yi haka, ko an yi gaskiya ba wanda zai yarda.

Daga baya gasar kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ta fito mana da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda aka buga a 1980. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya ɓullo da gasar Hikayata ta mata marubuta gajerun labarai. Duk sanda aka kafa fili aka yi alkawarin gaskiya, gwanaye sukan fito daga inda ba a zata ba.

Saboda haka kiranmu iri biyu ne. Na farko ga iyaye: 'ya'yanmu da aka haifa a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Anacha, da Fatakwal, sun tashi da harshe biyu ko uku a baki, sun ga rayuwar zango wadda har yau ba a rubuta labarinta yadda ya kamata ba. In kun ga yaro yana son karatu da rubuce-rubuce, kada ku ce ɓata lokaci yake. Ƙofar wannan gasa a buɗe take gare shi kamar kowane ɗan ƙasa, ba a tambayar takardar shaidar jiha.

Na biyu ga attajiranmu da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyinmu na nan Kudu. Masu fataucin shanu da goro da kayan gwari ba su rasa abin da za su kafa gasar rubutun Hausa da shi ba, ko da ta 'yan makaranta ce. In Allah Ya nufa aka tashi yi, ga abin da muka koya daga Ikko: a rubuta ƙa'idoji a bayyana su tun kafin a karɓi rubutu ko ɗaya, wanda ya ba da kuɗi ya koma gefe, a nemo alƙalai uku daga garuruwa daban-daban, a riƙa sauya su, alƙalin da ɗansa ko ɗalibinsa ya shiga ya janye, in rubutun hannu ne a cire suna a sa lamba, ranar sakamako kuma a faɗi dalili. Yaron da ya faɗi a irin wannan gasa zai yi baƙin ciki na kwana biyu, sa'an nan ya sayi sabon littafin rubutu ya fara shirin baɗi. Wanda kuwa ya gano an ba ɗan mai gida ne saboda ɗan mai gida ne, ya bar rubutu ke nan har abada.